An Kai Shi Kafin Azahar, Kamfanin Inshora Yana Neman Shaida

A ƙasar Hausa, idan mutum ya cika da asuba, da wuya azahar ta same shi a gida. Za a yi masa wanka da sutura, a sallace shi a ƙofar gida ko a masallacin unguwa, a kai shi makwancinsa. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa. Ɗaruruwan mutane sun ga gawar, sun bi ta, sun zuba ƙasa, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya rubuta wani abu. Gaggauta jana'iza koyarwar addini ce, kuma babu mai neman a canza ta.

Rigimar tana tasowa ne idan mamacin ɗaya ne daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Landan, ko Hambug, ko unguwar Bronx ta birnin New York, wanda ya zo gida ganin dangi ajali ya riske shi. Bayan 'yan makonni sai wasiƙa ta iso wa iyalinsa daga kamfanin inshora. Za ta fara da ta'aziyya cikin ladabi, sannan ta jero abin da ake buƙata: takardar shaidar mutuwa ta hukuma, rahoton likita kan abin da ya yi sanadi, fasfon mamacin na asali, shaidar tafiyarsa, sunan maƙabarta, sunayen waɗanda suka halarci jana'iza, wani lokaci har da hotuna. A ƙarshe a sanar da su cewa tunda mutuwar a wata ƙasa ta faru, za a miƙa maganar ga sashen bincike.

Wani zai ce ai mutanenmu ba su cika shiga inshorar rai ba, kuma da gaskiyarsa. Tun 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta kuma amince da irin ta taimakekeniya da ake kira takaful, wadda aka fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979. Sai dai zaman Turai da Amurka yana jefa mutum cikin inshora ko bai nema ba. Likita ko ma'aikaciyar jinya da ke aiki a asibitocin gwamnatin Birtaniya, tsarin fanshonta yana ɗauke da kuɗin da ake biyan iyali idan ta rasu tana bakin aiki. Kamfanoni da yawa suna yi wa ma'aikatansu inshorar rai a dunƙule. Wanda ya ci bashin banki ya sayi gida, sau da yawa yakan haɗa da inshorar da za ta biya ragowar bashin idan ya faɗi. A Faransa da Beljiyam, 'yan Afirka da dama suna zuba kuɗin inshorar mayar da gawa gida. Mai neman bizar Schengen kuwa, ko ziyarar mako biyu zai yi, doka ta wajabta masa inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Saboda haka maganar ta shafe mu, ko muna so ko ba ma so.

Ba a banza kamfanonin ke ɗar-ɗar ba. Ƙaryar mutuwa tsohuwar sana'a ce, kuma ba Afirka ta ƙirƙiro ta ba. Shari'ar da ta fi shahara a Ingila ta wani Bature ce, John Darwin, wanda a 2002 ya shiga teku da ƙaramin kwalekwale ya ɓace, matarsa ta karɓi kuɗin inshora da na fansho, alhali yana ɓoye a gidan da ke jikin nasu. A ƙarshen 2007 ya bayyana a ofishin 'yan sanda a Landan yana cewa ya manta komai, sai ga hotonsa da matar a ƙasar Panama ya fito a intanet. Dukansu biyu sun sami hukuncin ɗaurin sama da shekara shida. A Amurka an ɗaure wani mazaunin jihar Minnesota da aka ce ya mutu a ƙasar Moldoba a 2011, aka karɓi dala miliyan 2, daga baya aka same shi da ransa. Wata marubuciya Ba'amurkiya, Elizabeth Greenwood, da take rubuta littafi kan masu wannan aika-aika, ta je Filifin ta sayo takardar shaidar mutuwar kanta, don ta nuna yadda abin yake da sauƙi.

Daga irin waɗannan shari'o'i masu bincike suka tara alamomin da ke tayar musu da hankali. Mutum ya shiga inshora bai daɗe ba sai aka ce ya mutu. Kuɗin da ya yi inshorar a kai sun fi ƙarfin samunsa. Mutuwar ta faru a ƙauye mai nisa, ba a asibiti ba. An binne gawa nan take, ba likitan da ya duba ta. Babu kabari mai suna. Sunan da ke kan takardu yana saɓawa. Wanda ya san ƙasar Hausa, da ya ji wannan jeri zai gane inda gizo ke saƙa: in ka cire biyun farko, sauran duk siffar mutuwar mutumin kirki ce a garinmu. Abin da Bature ya ɗauka alamar zamba, mu a wurinmu al'ada ce da addini.

Ɗauki maganar takarda. A Najeriya, Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ce doka ta ɗora wa alhakin rajistar haihuwa da mutuwa, bisa dokar 1992 da ta wajabta hakan. Amma mafi yawan mutuwar da ake yi a ƙasar ba ta shiga kowane kundi. An ga zahirin haka a Kano a watan Afrilun 2020, lokacin da mace-mace suka yawaita ba a san dalili ba. Gwamnati kanta ba ta da rajistar da za ta duba, sai da aka koma ga masu haƙa kabari da iyalan mamata ana tambayar yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Da wannan hanya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya sanar a watan Yuni cewa an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma ana jin rabinsu ko fiye na da alaƙa da cutar korona. To, idan gwamnatin tarayya sai ta je maƙabarta take sanin wanda ya mutu a birni kamar Kano, me ake tsammanin samu a hannun matar da mijinta ya rasu a wani ƙauye a Jigawa? An ƙaddamar da tsarin rajista ta kwamfuta a watan Nuwamban 2023, amma na'ura ba ta rubuta mutuwar da ba a kawo mata rahoto ba.

Iyalai da yawa ma ba su san cewa takarda biyu ce ba. Wadda likita ke bayarwa a asibiti tana faɗin abin da ya yi sanadin mutuwa. Wadda hukumar ƙidaya ke bayarwa ita ce shaidar rajista. Kamfanin inshora yakan nemi duka biyun. Kuma da yake Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta sauƙaƙa karɓar takardun wata ƙasa a wata, akan buƙaci a kai su Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a buga musu hatimi. Jamus ba ta ma wadatuwa da wannan hatimin: ofishin jakadancinta lauyoyin da ya amince da su yake turawa su bi sawun takardar har inda aka ce ta fito. A Nijar, magajin gari ne ke ba da takardar mutuwa, kuma idan wa'adin sanarwa ya wuce, sai an je kotu alƙali ya yanke hukuncin da zai maye gurbinta. Wanda ke da takardar zama ɗan Amurka, ofishin jakadancinsu yana rubuta masa rahoton mutuwa a ƙasar waje, wanda kamfanoni ke girmamawa. Mai katin zama kawai ba ya samun wannan gatan.

Duk wannan zirga-zirga tana faɗowa ne a kan macen da ke cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, wadda ba fita take yi ba sai da lalura. Don haka akan wakilta wani ƙane ko ɗan'uwa a gida, a ce masa, “Don Allah ka samo mana takarda.” A ganina, a wannan jumla ce mafi yawan masu gaskiya ke faɗawa rami.

Shi wanda aka wakilta bai san ofishin hukumar ƙidaya ba, ko ya je an ce ya dawo gobe. Sai wani ya ce ya san mai yi. A biya 'yan kuɗi, washegari ga takarda fes, da hatimi, da sa hannun likita, da sunan babban asibiti. Mamacin kuwa a gida ya cika, a kan tabarmarsa, bai taɓa kwana a wannan asibitin ba. Babu wanda ya yi niyyar cuta. Mutumin ya mutu da gaske, kuɗin haƙƙin marayu ne da gaske. Amma an dafa gaskiya da shaidar ƙarya.

Sai mai bincike ya iso. Yawanci ba Bature ba ne. Kamfanin da ke Landan ko New York yakan ba wani kamfanin bincike kwangila, shi kuma ya tura wakilinsa na cikin ƙasa, sau da yawa lauya ko tsohon jami'in tsaro, wanda ya san hanya kuma yana jin harshe. Aikinsa ba shi da wani siddabaru. Zai je asibitin da aka ambata ya nemi kundin waɗanda aka kwantar a wannan mako, da katin mara lafiya, da rajistar ɗakin ajiye gawa. Zai duba ko likitan da ya sa hannu yana cikin rajistar hukumar likitoci ta ƙasa, kuma ko yana aiki a wurin a wannan rana. Zai je ofishin hukumar ƙidaya ya gwada lambar takardar da ta kundinsu. Daga nan ya shiga unguwa, ya gaida mai unguwa, ya ga liman, ya tsaya wurin mai shayi, ya je maƙabarta. A can ƙasar da mamacin ke zaune kuma ana duba ko an taɓa asusunsa na banki bayan ranar da aka ce ya rasu, ko wayarsa na aiki, ko an yi tafiya da fasfonsa, ko shafinsa na Facebook ya motsa. Idan kundin asibiti bai san mamacin ba, rahoton da zai koma gajere ne: takarda jabu ce. Daga wannan rana duk wata gaskiya da iyalin za su faɗa, da kunnen zargi za a saurare ta.

Dokar Birtaniya ta 2015 kan inshora ta ba kamfani damar ƙin biyan ko kwabo idan an yi zamba a wajen neman biya, ya kuma karɓe abin da ya riga ya bayar. A 2016 kotun ƙolin ƙasar, a wata shari'a kan jirgin ruwa, ta ɗan sassauta: ƙaryar da ba ta canza haƙƙin mai nema ba, ita kaɗai ba ta isa ta rushe haƙƙin ba. Amma kafin bazawara mai 'ya'ya huɗu ta kai ga cin moriyar wannan hukunci, sai ta ɗauki lauya, ta sake tabbatar da mutuwar daga tushe, kuma gabatar da takardar jabu laifi ne mai zaman kansa. 'Yan sandan birnin Landan suna da sashe na musamman kan zambar inshora tun 2012, kamfanonin ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10. Ga kuma rajistar da kamfanoni ke sa sunan wanda suka kama, wadda ke sa ko inshorar mota ta yi wa mutum wuyar samu. Ga wanda ke jiran takardar zama ɗan ƙasa, tabo irin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ko da takardun na gaske ne, sunayenmu kaɗai sun isa su rikita baƙo. Mutum ɗaya a fasfo Mohammed ne, a katin asibiti Muhammadu, a takardar Nijar Mahamadou, a gida kuma Mamman. Sunansa na biyu a wata takarda na mahaifinsa ne, a wata sunan garinsu. Ranar haihuwarsa 1 ga Janairu, kamar ta dubban tsararsa da aka yi wa rantsuwar shekaru a kotu. Mai bincike zai shiga unguwa yana tambayar sunan da ke fasfo, a ce ba a san shi ba, domin tun yana yaro da laƙabi ake kiransa, daga baya ya koma “Alhaji na Jamus”. Zai tambayi mahaifiyar mamacin sunan ɗanta, ta kawar da kai ta yi shiru, domin ɗan fari ne, ba ta taɓa ambatar sunansa ba. Wanda bai san alkunya ba, sai ya rubuta cewa shaida ta ƙi ba da haɗin kai. A maƙabarta a nuna masa tudun ƙasa tsakanin ɗaruruwan irinsa, ba allo ba rubutu. Shi ya sa sakamakon bincike ke rataye a kan wanda aka turo: wanda ya san ƙasar zai fahimci abin da ya gani, wanda aka ɗauko daga nesa zai ga duhu a inda babu.

Rigimar inshora a ɓangaren jinya ta fi yawan faruwa, kuma a nan ba zan wanke mutanenmu tas ba. Mai zuwa gida hutu ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, abin da ke yawan samun waɗanda suka daɗe a waje, domin garkuwar jikinsu ta ragu kuma ba su cika shan maganin rigakafi ba. Hukumomin lafiyar Birtaniya sun daɗe suna cewa mafi yawan masu shigo da cutar ƙasar masu ziyarar dangi ne a Afirka ta Yamma, Najeriya a kan gaba. An yi wa mutumin ƙarin ruwa a wani ƙaramin asibiti, ya sayi allura a kemis, ya biya da tsabar kuɗi. Da ya tashi komawa sai ya nemi rasit, wani ya ba shi shawara a ɗan ƙara wani abu, ai kuɗin Turawa ne. Kwana ɗaya ya zama bakwai, zazzaɓi ya zama tiyata. Wannan ba kuskuren rashin sani ba ne, cin haram ne, kuma wanda ya ƙara a kan kuɗin da ya kashe yakan rasa har na gaskiyar. Kama shi ba wuya: asibitin da aka ce an yi tiyata ba shi da ɗakin tiyata, rasit ɗin mutum uku da ba su san juna ba rubutun hannu ɗaya ne, farashin ya ninka na manyan asibitocin kuɗi na Abuja, mara lafiyar da ke “kwance” kuma ga shi a bidiyon biki yana liƙi.

Nan ma ba mu kaɗai ba ne. A 2018 gwamnatin Nepal ta binciki yadda wasu kamfanonin yawon hawan dutse, da masu jirage masu saukar ungulu, da asibitoci ke haɗa baki suna kwaso masu yawon buɗe ido da ba su da wani ciwon kirki, don a caji kamfanonin inshora. A 2017 wata kotu a Libapul ta ɗaure wani Bature da abokiyar zamansa kan ƙaryar cewa abincin otal ya ɓata musu ciki a Sifen. Bambancin shi ne, Baturen da aka kama shi kaɗai ke ɗaukar laifinsa, mu kuwa wake ɗaya ke ɓata gari. Kowane rasit na bogi da aka kama daga Kano ko Kumasi, yana ƙara wa mai gaskiyar da zai zo bayansa watannin jira.

Akwai kuma hanyoyin rasa kuɗi da ba ruwansu da zamba, amma iyali sukan ɗauka zarginsu ake yi. Inshorar tafiya ba ta biyan wanda ya tashi musamman don neman magani, saboda haka masu zuwa Alƙahira ko Indiya ganin likita kada su sa rai da ita. Ba ta cika biyan ciwon da mutum ya san yana da shi bai faɗa ba, kamar hawan jini ko ciwon suga. Yawancin yarjejeniyoyin sun ce a kira lambar gaggawa ta kamfanin kafin a kwanta asibiti ko da zarar an kwanta, abin da mutanenmu ba su cika yi ba. Wanda ya fi ciwo kuwa shi ne wannan: kamfanonin Birtaniya da yawa ba sa biya idan mutum ya je yankin da ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta yi gargaɗin kada a je, kuma jihohi irin su Borno, Yobe, Zamfara da Katsina sun daɗe a cikin wannan jeri, haka ma sassa masu yawa na Nijar. Wato mutum zai biya kuɗin inshora a Landan don zuwa gaida mahaifiyarsa a Gusau, bai san cewa tun daga ranar da ya taka garinsu takardar ta daina aiki ba. Na ga rashin adalci a sayar wa mutum irin wannan kaya ba tare da an ja kunnensa da babbar murya ba.

Saudiyya nata salon daban ne. Alhajin da ya je ta hanyar hukuma, idan ya rasu a can ake binne shi, kuma akwai jami'an da za su bi masa takardu. Amma a aikin hajjin 2024, lokacin tsananin zafi, hukumomin ƙasar sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 ba su da izinin aikin hajji. Wanda ya shiga ta bayan gida, ko ya daɗe yana zaman takari ba iƙama, idan ya faɗi a hanya, iyalinsa kan sha wahala kafin ma su tabbatar da inda aka binne shi, balle su nemi wani haƙƙi.

Abin da ke kuɓutar da masu gaskiya ba shi da tsada, sai dai yana son a yi shi da ɗumi-ɗumi. Idan a gida aka rasu, a faɗi cewa a gida aka rasu. Wasiƙar mai unguwa ko dagaci, shaidar limamin da ya yi salla, takardar rantsuwa daga kotu, rajistar hukumar ƙidaya ko da ta zo a makare, katin asibitin da mamacin ya taɓa zuwa, sanarwar rasuwa da aka yi a rediyo, saƙonnin ta'aziyya na WhatsApp masu ɗauke da kwanan wata: waɗannan tarkace, da yake kowanne gaskiya ne, suna dafa wa juna idan mai bincike ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A ajiye fasfo da tikiti. Idan kamfani ya ƙi biya ba bisa ƙa'ida ba, a Birtaniya akwai ofishin sasanta ƙorafin harkar kuɗi da ke sauraren mutum kyauta, a Amurka kuma kowace jiha tana da hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora.

Ƙungiyoyinmu na ƙasashen waje, daga ta Yankasa a Bronx zuwa ƙungiyoyin zumunta na Landan da biranen Jamus, sun ƙware wajen tara gudummawa idan an yi rashi. Cikin kwana biyu za a haɗa kuɗin jana'iza ko na ɗaukar gawa. Abin da nake ganin ya rage shi ne kowace ƙungiya ta samu mutum ɗaya da ya san wannan hanya, wanda da zarar an sanar da rasuwar ɗan ƙungiya a gida, zai kira wanda ke wurin tun ranar farko ya ce masa ya rubuta sunan limamin da ya yi salla da mutum uku da suka sa gawar a kabari, ya je ofishin hukumar ƙidaya kafin sadakar bakwai, kuma kada ya karɓi takardar kowane asibitin da mamacin bai kwanta a cikinsa ba.